Hannun Daman Bature

A Jega, in ka ce kana neman Bature, sai a tambaye ka wanne. In ka ce Mai Hannu, ko mai shayin bakin tasha zai nuna maka hanyar unguwar Firchin. Mai gyaran wuta ne, ya ba hamsin baya, dogo, fari, kuma farin nan ne ya cinye sunansa na yanka tun yana goye. Shagonsa ɗaki guda ne da rumfar kwano a gaba, cike da fankoki da duwatsun guga waɗanda masu su suka kawo suka manta.

Wajen marigayi Malam Abdu ya koyi sana'a. Abdu bai taɓa mallakar abin awo ba sai testa, ɗan sukundireban nan mai ƙwan fitila a gindi, shi ma ba yarda ya yi da shi ba. Da hannu yake aiki, haka kuma ya koya wa Bature. Hannun hagu ya zauna a aljihu, domin shi ke ɓangaren zuciya. Na dama ke taɓawa, kuma da bayan yatsu, ba da tafi ba, don in wuta ta ja, hannun ya tsere maimakon ya damƙe ƙarfen. Hanya ce da ta kai masu gyara da dama kabari, duk wanda ke cikin sana'ar ya san haka. Bature dai ba ta kai shi ba. Ya yi shekaru yana shafa jikin injin ban ruwa a gonakin albasa na Aliero, da injin niƙa a Alelu, da firji a gidajen ma'aikata, ya ce akwai wuta ko babu. Har ta kai in ana gardama a kan wani ƙarfe, da an ce Bature ya taɓa, magana ta ƙare.

Bara, bayan an cire albasa, yana dawowa daga Aliero a kan babur, wata tunkiya ta faɗo masa titi. Ya kauce, ya faɗi a kan wani tsohon kwano da aka yar a gefen hanya. Wuyan hannun dama ya karye, kwanon kuma ya yanke shi sama da karayar kaɗan. Masu ɗori na Aliero suka ɗora, ƙashi ya kama lafiya lau. Yatsu suka dawo suna motsi, yana riƙe filaya, yana murɗa waya. Ji ne bai dawo ba. Daga wuyan hannu zuwa bayan yatsu, fatar ta zama kamar ta wani. Likita a Birnin Kebbi ya soka masa allura a wurin, Bature yana kallo, sannan ya ce jijiya ce ta yanke, wataƙila ta farfaɗo, wataƙila a'a.

Bature ya ce to. Ya shiga mota ya dawo gida. Matarsa Mardiyya ta ce tun daga ranar haka yake: in an kawo tuwo ya ci, in ba a kawo ba ba ya tambaya. Ya daina kunna rediyo. Yana buɗe shago, yana rufewa, yana gyaran abin da za a iya zare wa filogi. Bai gaya wa kowa ba. In ji shi, ba ɓoyewa ya ƙudura ba, babu dai wanda ya tambaya, shi kuma bai ga ta inda zai fara ba.

Mardiyya ta gane ne wata safiya da kunu mai zafi ya zubo masa a bayan hannu, ya ci gaba da magana. Maƙwabcinsu ta je ta samu, Malam Caleb, mutumin Zuru da ke koyar da aikin lantarki a wata makarantar sana'a, wanda suka daɗe suna tsokanar juna da Bature. Caleb yana ce masa testa mai ƙafa biyu, shi kuma yana ce masa Malam Alli, saboda allin rubutu a allo.

Caleb ya zo shagon da wata mita ruwan ɗorawa, girman tafin hannu. Tana da fuskar gilashi inda lambobi ke fitowa, da abin murɗawa a tsakiya, da ramuka uku a ƙasa, da wayoyi biyu, ja da baƙa, kowace da tsinken ƙarfe a baki.

"Mai Hannu, ga magajin hannunka na kawo maka."

"Wa ya ce ya mutu, balle a yi mashi magaji?"

"Ba wanda ya ce. Riƙe dai, ba ta cizo."

Ya zauna a kan benci ya nuna masa. Baƙar waya kullum a ramin da aka rubuta COM. Ja kuma a ramin V, in ƙarfin wuta ake son sani. Ramin na uku, mai 10A, na auna yawan wutar da abu ke sha ne.

"Wannan ramin shi ne mugun," in ji Caleb. "In ka manta jar waya a ciki ka je ka soka a soket, daidai yake da ka haɗa wayoyin biyu da ƙusa. In ka yi sa'a fiyus ɗin mitar ya ƙone. In ba ka yi ba, girarka ce."

"Girata ta daɗe da ƙonewa."

"To gemun ya rage. Sannan ka ji wannan da kyau: in ta nuna maka sifili, kada ka ce babu wuta. Wataƙila batirinta ne ya mutu, ko wayar ta tsinke ta ciki. Ka fara gwada ta a inda ka san akwai wuta, ka auna abinka, ka koma ka sake gwada ta. Abin da ya mutu, sifili zai ce maka a ko'ina."

Bature ya saurara kamar mai jin labarin wata ƙasa. Abu na ƙarshe da Caleb ya nuna masa shi ne awon wutar da fanka ke sha. Ana cikin haka aka kira la'asar, Bature ya naɗe wayoyin yadda suke, ya tura mitar ƙasan jakar kayan aiki. Nan ta zauna har damina ta wuce.

Kiran ya zo ne daga Liba, ƙauyen da ke ƙasar Maiyama, inda Gwaggo Altine, ƙanwar mahaifinsa, take aure tun kafin a haife shi.

"Bature, famfon garinmu na cizo," ta ce a waya. "Ɗiyar maƙwabta ta taɓa jiya, sai da ta yar da bokiti. Mun ɗaure shi da ƙaya. Ka taho ka taɓa muna."

Rijiyar burtsatse ce mai aiki da hasken rana. Farantan sola a sama, akwatin inbata a ƙarƙashinsu, injin da ake kira sumo a can cikin rijiya yana tura ruwa zuwa tanki, daga tanki bututun ƙarfe ya sauko zuwa kawunan famfo. Duk unguwar nan take sha. In an rufe, sai tafkin bayan gari, wanda shanu ke shiga. Mai kula da ita Mukhtar ne, magidanci mai shagon cajin waya a gefen filin.

Bature ya iso da hantsi. Injin yana aiki, ana jin gurnaninsa a bututu. Mata sun yi layi da jarkoki nesa da famfon, ƙasan wurin duk caɓi. Mukhtar ya janye ƙayar da sanda. Jama'a suka matso.

Bature bai yi tunani ba. Ya ce daga baya, da ya yi tunani da bai yi ba. Hannun hagu ya shiga aljihu da kansa, na dama ya miƙe, bayan yatsu suka shafi kan famfon, suka shafi bututu, suka koma kan famfon. Takalmin roba ne a ƙafarsa, kuma a kan busasshen siminti yake tsaye.

"Babu komi," ya ce.

"Kun ji ko?" in ji Gwaggo Altine. "Ni dai na ce ɗiyar ga tsoro gare ta."

Aka yi dariya. Mukhtar ya ce a bari tanki ya cika tukuna, bayan azahar kowa ya ɗiba. Gwaggo ta ba Bature fura ya sha, ta ɗaura masa ƙullin kuka da daddawa a bayan babur, ya kama hanya.

Ya kusa Maiyama sarƙar babur ta fara ƙara. Ya tsaya wajen wani mai faci, ya tsuguna yana duba ta. Yana nan tsugune ya ji ƙauri, irin na fatar rago ranar layya. Ya ɗaga kai yana neman inda ake babbaka.

"Baba! Hannunka!" in ji mai facin. "Baba, salansa!"

Ya duba. Bayan hannunsa na dama yana jingine da salansa, bututun hayaƙin babur ɗin, fatar ta yi fari ta tattare. Ya janye shi a hankali, ya juya shi, ya kalla. Ba zafi. Mai facin ya kawo ruwa yana zubawa yana salati, Bature yana kallon ruwan na gangarowa ta tsakanin yatsu. Bai ji tsoro ba, in ji shi. Lissafi kawai ya zo masa, ɗaya bayan ɗaya. Wannan hannun ne ya shafi famfo. Wannan hannun ne ya ce babu komi. Mata za su zo bayan azahar, ƙafa ba takalmi, su tsaya cikin caɓi, su kama ƙarfen da tafi, domin Bature ya taɓa.

Ya kira lambar Mukhtar, ba ta shiga ba. Ya ɗaure hannun da ƙyalle, ya juya babur.

Da ya shigo Liba ana sallame azahar, mata sun fara jera jarkoki a bakin siminti. Bai ɗaga murya ba. Ya tsayar da babur tsakaninsu da famfon, ya ce wa Mukhtar ya kashe injin.

"Lahiya, Malam Bature? Mantuwa anka yi?"

"Kashe dai. Kowa ya ja baya."

Gurnanin bututu ya tsaya. Bature ya zazzage jaka a ƙasa, mitar ta faɗo daga ƙarshe, ƙura ta rufe fuskarta. Ya goge da gefen riga. Ya warware wayoyin, ya bi kowace da ido daga kai har gindi, yana neman tsaga a jikin robar. Babu. Ya shiga shagon Mukhtar, inda wayoyin mutane ke jere suna caji. Har ya kai tsinken bakin soket, ya tsaya. Jar wayar tana ramin 10A, inda aka bar ta ranar fanka. Ya zare ta ya mayar ramin V, ya murɗa mitar zuwa V mai alamar igiyar ruwa, ta irin wutar soket, a lamba mafi girma. Sannan ya soka. Ɗari biyu da ashirin da wani abu. Mitar na da rai.

A waje ya nemi guntun rodi, ya kafa shi a ƙasa mai laima nesa kaɗan da famfon, ya maƙale tsinken baƙar waya a jikinsa. Ya ajiye mitar a kan bulo inda zai ga fuskarta. Ya hau busasshen katako. Hannun hagu ya koma aljihu. Da na dama ya riƙe jan tsinken, sai dai yanzu dole ya sa wa yatsun ido, don kada su zarce ɗan kangin roba su kai ga ƙarfe ba tare da ya sani ba.

"Kunna."

Mukhtar ya kunna. Bature ya ɗora tsinken a kan famfon, wurin da ya shafa da hantsi. Lambobi suka yi rawa, suka tsaya a casa'in da bakwai.

"Mi ta ce?" in ji Gwaggo Altine.

"Ta ce akwai wuta."

"Kai kuma ka ce babu."

"Na ce."

Ya sa aka kashe. Ya tura Mukhtar ya raba farantan sola da akwatin, domin su muddin rana na sama ba sa daina ba da wuta. Ya jira fitilun akwatin suka mutu, ya ƙara jira. Ya auna bakin wayoyin da ke tafiya rijiya, sifili. Ya murɗa zuwa ɗaya V ɗin, mai miƙaƙƙen layi, ta irin wutar batir da sola, ya sake aunawa, sifili. Ya tashi ya koma shagon caji, ya murɗa, ya sake soka soket. Mukhtar yana biye da shi.

"Ba yanzu ka gwada nan ba?"

"Yanzu na gwada."

"To mi ya canza?"

"Shi nike son in sani."

Ba abin da ya canza. Sai a lokacin ya taɓa waya. Ya kwance wayoyin sumo daga akwatin, ya murɗa mitar zuwa inda take ƙara in abu biyu sun haɗu, awon da Caleb ya ce ba a yin sa sai wuta a kashe. Ya haɗa tsinkayen biyu, ta yi ƙara. Ya ɗora ɗaya a bututu, ɗaya a waya ta farko, shiru. Ta biyu, shiru. Ta uku, ta yi ƙara.

Ba su sha wahalar nema ba. A bakin rijiyar, inda wayar ke lanƙwasa ta shiga, gefen ƙarfe ya daɗe yana cin robarta duk lokacin da injin ya girgiza, har jan ƙarfen ciki ya fito ya kwanta a jikin bututu. Wayar ƙasa kuma, wadda ya kamata ta kwashe irin wannan wutar, ta tsinke a gindin tanki, tsatsa ta cinye ta. Ya yanke wurin da ya lalace, ya haɗa sabuwa, ya naɗe, ya zura ta cikin guntun tiyo don kada ƙarfen ya sake cinta. Ya ɗaura sabuwar wayar ƙasa. Aikin ya kai shi la'asar. Ƙyallen hannunsa ya jiƙe da ruwan ƙuna, ƙudaje na binsa, sai Mukhtar ne ke kore su.

Aka haɗa komai, aka kunna. Ya koma kan katakonsa, ya auna famfon, ya auna bututu, ya auna ƙafar tanki. Sifili da ɗigo. Ya shiga shagon caji ya gwada mitar karo na ƙarshe, ya fito ya mayar da ita kan bulo, ya tsaya a kan katakon.

"Ku ɗiba," ya ce.

Ba wadda ta motsa.

"To taɓa muna mu gani," in ji wata daga baya.

"Taɓa, Bature," in ji Gwaggo Altine. "Mu ba mu san karatun abin ga ba. Hannunka munka sani."

Ya kwance ƙyallen ya nuna mata. Ta kama wuyan hannun ta jawo shi kusa da idonta.

"Wanga fa? Yaushe?"

"Ɗazu, a hanya. Salansa."

"Ba ka ji ba?"

"Ba ya ji, Gwaggo. Tun faɗuwar da na yi."

Ta danna babban yatsanta a gefen ƙunar, tana kallon fuskarsa. Fuskar ba ta motsa ba. Ta saki hannun.

"Da hantsi ke nan da wanga ka taɓa muna."

"Da shi."

Mukhtar ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin shago. Injin yana ta gurnani, tanki ya cika har ya fara zuba ta sama, mata na tsaye da jarkoki babu wadda ta matso.

Bature ya dubi mitar a kan bulo, ya dubi famfon. Ya cire hannun hagu daga aljihu. Tun yana yaro a gaban Malam Abdu bai taɓa kai shi jikin ƙarfen da ake zargi ba. Ya sauka daga katakon, ya kama kan famfon da tafi, ya murɗa. Ruwa ya zubo masa a yatsu. Da sanyi, ya ce, sanyin ƙasan rijiya. Ya bar hannun a ciki ya ɗan jima.

Gwaggo Altine ta tura jarkarta da ƙafa ta shiga ƙarƙashin ruwan. Sauran suka biyo.

Labari ya riga shi isa Jega. Wasu daga cikin masu injin ban ruwa na Aliero sun daina kiransa, sun ce abin da mita za ta faɗa, kowane mai gyara zai iya karantawa. Wasu suna kira har yanzu. Caleb ya zo ya duba ƙunar, ya buɗe baki zai yi tsokana, ya fasa, ya tambaya ko jar wayar na ramin da ya dace. Bature ya ce tana nan. Mardiyya ta ɗinka wa mitar 'yar jaka da ragowar atamfa, tana rataye a ƙusa kusa da ƙofar shago, kuma duk safiya kafin ya fita yakan soka ta a soket ya ga lamba.

Ƙunar ta warke ta bar tabo mai sheƙi. Jin bai dawo ba. Sunan dai bai canza ba, har yau Mai Hannu ake ce masa, shi kuma yana amsawa.